Teslim Balogun: Gwarzon tamaula da ya tashi daga ƙungiyoyin ma'aikata, ya ƙare yana horar da na baya

A ranar 30 ga Yuli, 1972, Allah ya yi wa Tesilimi Olawale Ayinde Balogun rasuwa, ɗan wasan da 'yan kallo suka laƙaba wa suna Thunder, wato Tsawa, saboda ƙarfin bugunsa. A wannan shekarar ce aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. Jos ɗin nan kuwa garin da Balogun ya taɓa sa wa riga ne, shekara 21 kafin nan, lokacin da ƙwallon ƙafar Arewa ke neman a san da ita a Legas.

Yawancin matasan yau ba su san shi ba sai a matsayin sunan wani filin wasa a unguwar Surulere. Amma wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai ga yadda aka gina ƙwallon ƙafar Najeriya tun daga tushe: makaranta ce ke gano yaro, wurin aiki ya riƙe shi, ƙasa ta kira shi, shi kuma in ya gama ya dawo ya koyar da waɗanda ke tasowa. Balogun ya taka kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma ya kai ƙarshensu.

Ƙuruciya da ƙwallon ma'aikata

An haifi Balogun a Legas a zamanin mulkin mallaka, ya kuma yi karatu a Fatakwal, a makarantar Katolika ta St. Mary's. A wancan zamani makarantun mishan da na gwamnati ne matattarar wasanni. Kowace makaranta na da fili da malamin wasanni, kuma karawa tsakanin makarantu kan tara jama'ar gari kamar ranar salla. Yaron da ya yi fice a nan ba ya ɓoyuwa, domin masu neman 'yan wasa na tsaye a bakin fili.

Masu neman nan ba dillalai ba ne irin na yau. Shugabannin ma'aikatu ne da manajojin kamfanoni. Manyan ƙungiyoyin Legas na lokacin duk na wuraren aiki ne: akwai ta Reluwe, wato ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai Marine, ta sashen jiragen ruwa, akwai ta ma'aikatar ayyuka, da ta 'yan sanda, sai kuma na kamfanonin ciniki irin su UAC da SCOA. Ƙa'idar a fili take. Ƙwallo ba sana'a ba ce, ba a biyan kowa don ya buga ta. Abin da ƙungiya ke iya ba ɗan wasa shi ne gurbin aiki: akawu, ko makaniki, ko mai koyon sana'a a ɗakin gyara. Da safe yana bakin aiki, da yamma yana fili, ƙarshen wata ya karɓi albashinsa kamar kowa.

Balogun ya fara da Apapa Bombers, sannan ya ratsa Marine da UAC da Reluwe. Ya shigo fagen ne a daidai lokacin da aka samar da gasar da za ta haɗa ƙasar. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wanda Gwamna Arthur Richards ya bayar, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Kofin Ƙalubale. Marine ce ta fara ɗaukarsa. Shekarar ce kuma ma'aikatan ƙasar nan suka yi babban yajin aikin gama-gari na neman ƙarin alawus na tsadar rayuwa, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance a sahun gabansa. Mutanen da suka ajiye aiki a watan Yuni su ne ke cika filin wasa na Onikan ranar Asabar. Ƙwallon ƙafar Najeriya da ƙungiyar ƙwadagonta gida ɗaya suka tashi.

Tafiyar Ingila ta 1949

A 1949 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta zaɓi 'yan wasa 18 domin rangadin Ingila, kuma wannan ce tawagar farko da aka tara da sunan Najeriya. Etim Henshaw ne kyaftin. A cikinta akwai Dan Anyiam, da mai tsaron raga Sam Ibiam, da Titus Okere, da Balogun, wanda yake cikin masu ƙarancin shekaru. Sun shiga jirgin ruwa mai suna Apapa daga Legas, suka sauka a Liverpool a ƙarshen watan Agusta. Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, shi aka ba aikin horar da su.

Abin da ya fi jan hankalin Turawa shi ne ƙafafunsu. Galibinsu ba sa sa takalmin ƙwallo, sai dai su ɗaure idon sawu da tafin ƙafa da bandeji su shiga fili. A wasan farko, da ƙungiyar Marine ta unguwar Crosby, mutum kusan 6,000 ne suka taru, wasu don kallon ƙwallo, wasu don ganin abin mamaki. Baƙin suka ci 5 da 2. Daga nan suka kara da manyan ƙungiyoyin 'yan sa-kai na Ingila irin su Bishop Auckland da Leytonstone da Dulwich Hamlet. A wasa 9 sun ci 2, sun yi kunnen doki a 2, an doke su a 5. Sun gane cewa ƙafar da ta saba da busasshiyar ƙasa ba ta da kataɓus a filin da ruwan sama ya mayar taɓo, kuma takalmin da ba a saba da shi ba nauyi ne a ƙafa.

A hanyar dawowa suka tsaya a Freetown, inda a ranar 8 ga Oktoba, 1949, suka doke Saliyo da ci 2 da nema. Wannan shi ne wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin Najeriya, shekara 11 kafin samun 'yancin kai. Daga nan Balogun ya ci gaba da buga wa ƙasa wasa sama da shekara 10.

Muhimmancin tafiyar ya wuce sakamakonta. Matasa daga Legas da Kalaba da Fatakwal da sauran garuruwa sun zauna a jirgi ɗaya, sun sa riga ɗaya, jaridun Ingila na kiransu 'yan Najeriya a lokacin da 'yan siyasa ke ta muhawara kan yadda za a haɗa jihohin ƙasar uku a tsarin mulki guda. Ga Balogun kuma, tafiyar ta nuna masa cewa baiwa kaɗai ba ta isa ba. Ya ga ƙungiyoyin da ba su kai su gudu ko gwaninta ba suna doke su da tsari da horo. Wannan darasi ne ya mayar da shi Ingila bayan shekara shida.

Shekarar Jos da farkawar Arewa

Bayan dawowarsa, Balogun ya yi abin da ba kasafai taurarin Legas ke yi ba: ya hau Arewa. Jos ta wancan lokaci garin haƙar kuza ne, kuma tun 1927 layin dogo ya haɗa ta da sauran ƙasa ta Kafanchan. Kuza da jirgin ƙasa sun tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Birom da mutanen Bauchi da Barno a gari ɗaya, 'ya'yansu na wasa a fili ɗaya, suna kiran ƙwallo da Hausa. Ƙungiyar da garin ke fitarwa zaɓaɓɓun 'yan wasa ne daga ma'aikatu da kamfanoni da makarantu.

A 1951 wannan ƙungiya ta Jos, da Balogun a gabanta, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna. Abokiyar karawarta ita ce Reluwe ta Legas, tsohuwar ƙungiyarsa, wadda ta fi kowace ƙarfi a lokacin. Reluwe ta ci 3 da 2. Jos ba ta ɗauki kofi ba, amma ta karya wani zato da ya daɗe, cewa wasan ƙarshe na mutanen bakin teku ne kawai.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A 1952 Balogun ya koma Legas, ya shiga ƙungiyar Pan Bank, wadda ta lallasa Warri da ci 6 da 1 a wasan ƙarshe, shi kaɗai ya zura uku. A 1953 kuwa Kano ta doke Dynamos ta Legas, wadda ita ma Balogun ya sa rigarta a zamaninsa, da ci 2 da 1, kofin ya bar Legas a karon farko, ya nufi Arewa. Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Zariya ta kai a 1957. Duk garuruwan nan uku, Jos da Kano da Zariya, a kan layin dogo suke. Inda jirgi ya tsaya, nan ma'aikata suka taru, nan kuma ƙwallo ta yi saiwa. Layin bai isa Bauchi ba sai a farkon shekarun 1960, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa garuruwan gabas irin su Bauchi da Azare da Misau suka makara wajen shiga manyan gasanni.

Ita kuwa Jos, rashin sa'ar 1951 ya zame mata kamar gado. Tsakanin 1951 da 1974 ƙungiyoyin garin sun kai wasan ƙarshe sau 10, ba su ɗauki kofin ko sau ɗaya ba, har da shekara shida a jere daga 1962 zuwa 1967. Sai a 1999 Plateau United ta share wa garin hawaye. Shi Balogun a nasa ɓangaren ya buga wasan ƙarshe sau 7 a rayuwarsa, ya ɗauki kofin sau 5, da ƙungiyoyi daban-daban.

Komawa Ingila

A 1955 Balogun ya koma Ingila, yana da buri biyu: ya koyi aikin ɗab'i, ya kuma gwada sa'arsa a ƙwallon da ake biya. Abokin tafiyarsa na 1949, Titus Okere, ya riga shi, domin ya sa hannu da Swindon Town tun 1953. Balogun ya fara da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta shiga manyan rukunan lig na Ingila ba. Bai samu gurbi a sahun farko ba, ya wuce Skegness Town. A kakar 1956 zuwa 1957 ya koma Queens Park Rangers ta Landan, wadda ke rukuni na uku, ya buga mata wasan lig 13, ya ci ƙwallo 3. Daga nan ya ƙarasa a ƙaramar ƙungiyar Holbeach United.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce tafiyar ba ta yi armashi ba. Mutumin da ake tashi tsaye in ya taɓa ƙwallo a Onikan ya koma yana yawo a ƙananan filaye cikin sanyi da laka, a zamanin da baƙar fata a ƙwallon Ingila ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ya kuma isa can ne bayan ganiyar ƙuruciyarsa ta fara wucewa. Sai dai ribar tafiyar ba a raga take ba. A can ya yi kwas ɗin horar da 'yan wasa ya samu shaida, abin da ya sa ake ƙidaya shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya zama ƙwararren koci mai takarda. Ya tafi yana ɗan wasa, ya dawo da sana'ar hannu da kuma ilimin da zai ci gaba da amfani bayan ƙafa ta gaji.

Daga fili zuwa bakin fili

Da ya dawo gida, Ibadan ta zama mazauninsa, inda ya yi aikin horarwa ƙarƙashin hukumar wasanni ta Jihar Yamma. Aikin koci na gwamnati a lokacin ba na ƙungiya ɗaya ba ne. Ya haɗa da zagaya makarantu, da koyar da malaman wasanni, da tace yaran da za su wakilci lardi ko jiha. Aiki ne marar amo, wanda ba a buga shi a shafin farko na jarida, amma a kansa sauran ginin ke tsaye. A shekarun nan ne ƙungiyar Ibadan ta zama abar tsoro, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1959 da 1961 da 1966 da 1969.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Najeriya ta je gasar ƙwallon ƙafa ta Olamfik a karon farko, a Meksiko. József Ember, ɗan ƙasar Hangari, shi ne babban koci, Balogun kuma yana cikin masu horar da tawagar. Japan ta doke Najeriya 3 da 1, Sifaniya ta doke ta 3 da nema. A wasa na uku kuwa, da Birazil, Najeriya ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da ci 3 da nema, kafin a farke mata a tashi 3 da 3. A cikin tawagar akwai yaran da Jos ta raina, irin su Sam Garba Okoye da Peter Anieke da Tony Igwe, waɗanda suka taso ta wasannin makarantu. Mutumin da ya kai Jos wasan ƙarshe a 1951 ya wayi gari yana horar da 'ya'yan garin a gaban duniya. Shekara huɗu bayan haka ya rasu, bai kai ga tsufa ba.

Bayan rasuwarsa, labarinsa ya shiga bakin jama'a ya zama almara. An yi ta cewa bugunsa ya taɓa hallaka mai tsaron raga, an ce an hana shi bugawa da ƙafar hagu, an ce ƙwallonsa na fasa raga ta wuce. Tatsuniyoyi ne irin waɗanda ake ƙaga wa gwarzon da aka ji a rediyo ba a gani a majigi ba. Suna nuna girman da yake da shi a zukatan mutane, amma sun rufe abin da ya fi su muhimmanci, wato shekarun da ya ƙarar yana koyarwa.

Gadon da ya bari

A 2007 Jihar Legas ta buɗe filin wasa mai ɗauke da sunansa a Surulere, daura da Babban Filin Wasa na Ƙasa. Bayan shekara biyu, a 2009, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Filin Teslim Balogun na cikin filaye takwas da aka yi amfani da su, haka ma filin Abubakar Tafawa Balewa na Bauchi, da na Kano da Kaduna. Najeriya ta kai wasan ƙarshe a Abuja, Suwizalan ta doke ta da ci 1 da nema. A wannan rukuni na matasa babu ƙasar da ta kai Najeriya ɗaukar kofi: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Wannan shaida ce cewa ƙasar ba ta taɓa rasa yara masu baiwa ba. Tambayar da ta rage ita ce wadda rayuwar Balogun ta amsa a zamaninsa: idan yaro ya wuce shekara 17, wa zai riƙe shi?

A zamanin Balogun amsar ita ce wurin aiki. Yau galibin waɗannan ƙungiyoyi sun shuɗe. Reluwe da Marine da Pan Bank sai a littafin tarihi, haka ma ƙungiyoyin masaƙu da na kamfanonin gwamnati da suka gaje su. Tun da aka koma lig na ƙwararru a 1990, gwamnatocin jihohi ne suka ɗauki nauyin mafi yawan manyan ƙungiyoyi. A 1990 aka kafa Kano Pillars, a 1991 aka kafa Wikki Tourists ta Bauchi, wadda ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke dajin Yankari. A 1998 Wikki ta ɗauki kofin nan da Balogun ya ɗauka sau biyar, bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, ta kuma wakilci Najeriya a Afirka a shekarar da ta biyo. A 2016 ta ƙare ta uku a teburin lig. Tsakanin waɗannan shekaru da bayansu ta sha hawa da sauka daga rukuni zuwa rukuni. Kano kuwa sai da ta jira shekara 66 bayan 1953 kafin Pillars ta dawo mata da kofin a 2019.

Bambancin tsarin jiya da na yau a fili yake. Ɗan wasan Reluwe da ya karye a fili yakan koma teburinsa ranar Litinin, fanshonsa na nan. Ɗan wasan ƙungiyar jiha na yau kwantiragi gare shi na kaka ɗaya ko biyu, kuma rayuwar ƙungiyarsa na rataye da kasafin kuɗi da ra'ayin gwamnatin da ke kan mulki. Idan rauni ya same shi yana da shekara 25, ba sana'a, ba takarda, sai abin da Allah ya yi. Ba wanda zai ce a koma 1949, lokacin da ake wasa ba takalmi kuma ba a biyan kowa. Amma tsohon tsarin ya fahimci abu guda da sabon ya yi sakaci da shi: shekarun wasa kaɗan ne, shekarun rayuwa ne masu yawa.

A Azare da Zadawa da Misau da sauran garuruwan wannan yanki na Bauchi, har yau da la'asar yara na cika filayen makarantu, da yawansu ba takalmi, kamar tawagar 1949. Matasa na haɗa gasannin unguwa da kansu, su tara kuɗin ƙwallo da na alƙalin wasa, su rubuta teburin maki su bi shi sau da ƙafa. Teburin na nuna wanda ya ci da wanda aka ci. Ba ya nuna inda yaron da ya fi kowa zura ƙwallo zai dosa in gasa ta ƙare.

Wannan gurbi ne da ke hannun masu tsara manufofi da masu rubuta kasafi, a Abuja da manyan biranen jihohi: malamin wasanni mai horo a makarantar gwamnati, filin makarantar da ba a yanka an sayar ba, gasar makarantu da ake yi kowace shekara ba sai an samu mai son suna ba, da sharaɗin cewa ƙungiyar da ke cin kuɗin jama'a ta koya wa 'yan wasanta sana'a ko ta ba su damar karatu. Babu ɗaya daga ciki da ya kai ginin sabon filin wasa tsada. Su ne kuma matakan da suka ɗauko Teslim Balogun daga makarantar Fatakwal, suka bi da shi ta Reluwe da Jos da Landan, suka dawo da shi Ibadan yana koyar da 'ya'yan wasu.

Allah ya jiƙansa da rahama.